ALLURAR GAGGAWA A MAKARANTA, DA DOKAR DA A KE NEMA A KANTA

Zancenmu na yau a kan yaran makaranta ne, da wani ciwo mai hanzari wanda ba ya jira a je neman mota, da wata 'yar allura wadda ke tsai da shi, da kuma dokokin da waɗansu ƙasashe suka kafa domin kada a nemi allurar nan a makaranta a rasa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi a kan benci, tun da ya ke kuna jiran layi ya zo kanku.

Borin jini, ƙarami da babba

Kowa ya san borin jini. Mutum ya ci wani abu, ko ya sha wani magani, ko ƙwaro ya harbe shi, sai fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya kama shi, ya yi ta susa har yamma. Kashegari ya tashi garau. Wannan ƙarami ke nan, ba shi da wani hatsari. Amma yana da babban wa, wanda likitoci ke kira anafilaksis. Mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa babban borin jini.

Ga yadda abin ya ke. A cikin jikin kowane mutum akwai dakaru waɗanda aikinsu tsaron gida ne daga ƙwayoyin cuta. To, a jikin waɗansu mutane dakarun nan su kan yi kuskure, su ɗauki abu mai kyau, kamar madara ko ƙwai, su mai da shi abokin gaba. Karon fari da suka gamu da shi ba su yin komi, sai dai su riƙe kamanninsa. Ran da ya komo kuwa, sai su tashi gaba ɗaya, su zuba waɗansu ruwaye masu ƙarfi cikin jini. Ruwayen nan su ne ke yin ɓarnar. Su kan sa hanyoyin jini su saki, su riƙa yoyo kamar salkar da ta tsufa, har jinin da ke komawa zuciya ya ragu, mutum ya ji jiri ya faɗi. Su kan sa harshe da maƙogwaro su kumbura, hanyoyin iska na cikin huhu kuma su tsuke. Watau numfashi ya toshe daga sama, jini ya janye daga ƙasa, duka a lokaci guda.

Waɗansu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara gane wannan a 1902. Sun yi wa kare allurar dafin wata halittar teku kaɗan, da nufin jikinsa ya saba. Bayan 'yan makonni suka sake yi masa, sai karen ya mutu cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Ashe allurar fari ba ta tsare shi ba, shirya shi ta yi. Aikin nan ne ya jawo wa Richet kyautar Nobel a 1913.

Abubuwan da suka fi jawo shi ga yara su ne madarar shanu, da ƙwai, da gyaɗa, da yazawa da 'yan uwanta, da riɗi, da kifi, da jatan lande. Sai harbin ƙudan zuma da rina. Sai magunguna, musamman fenisilin da danginsa, da maganin dafin maciji. Ba sai an ci da yawa ba. Cokalin da aka juya wani abinci da shi, aka tsoma cikin wani, ya isa.

Yaya za ka gane shi? Yaro ya ci abinci ko zuma ta harbe shi, ba a jima ba ka ga leɓensa ko idonsa ya kumbura. Muryarsa ta dushe, ko ya ce wani abu ya tokare masa wuya. Tari ya sarƙe shi, ƙirjinsa yana kuka kamar na mai fuka. Ya yi amai, cikinsa na murɗa. Ya yi fari, jikinsa ya saki, ya ce yana ganin duhu. Ba lalle ne duka su taru ba, kuma akwai waɗanda fatarsu ba ta nuna komi sam. In dai numfashi ya canja, ko yaro ya yi laushi farat ɗaya bayan ci ko harbi, to, ka ɗauka shi ne.

Sau da yawa a karkara in haka ta faru a kan ce iska ce ta buge yaro, ko kuwa an ba shi guba. Sai a ɗura masa manja ko nono, a shiga zargin kishiya ko mai tallan abinci. Kada ku ɗura wa mai shaƙewa komi a baki, gama zai wuce huhu ne. Kuma kada ku yi saurin zargi. Yara talatin su kan ci daga tukunya ɗaya, ɗaya kaɗai ya faɗi, sauran su tashi lafiya. Da guba ce da ba ta zaɓi mutum ɗaya ba.

Minti nawa a ke da su

Wani likita a Ingila, Richard Pumphrey, ya bi labarin mutanen da ciwon nan ya kashe a ƙasarsu, ya buga abin da ya gano a shekarar 2000. Ya tarar cewa daga cin abincin zuwa tsayawar numfashi ko zuciya, tsaka-tsakin lokacin minti 30 ne. In harbin ƙwaro ne, minti 15. In magani ne aka yi a asibiti, minti 5. Yanzu kai mai karatu, ka auna da kanka. Daga makarantar garinku zuwa wannan ɗakin shan magani tafiyar minti nawa ce? Ka haɗa da lokacin da malami zai gane abin da ke faruwa, da neman mai babur, da rafin da ke cika da damina. In lissafinka ya wuce rabin awa, ka ga inda zancen ya dosa.

Maganinsa guda ne, sunansa adiranalin. A Amurka efinefirin su ke ce masa. Ba baƙon abu ba ne ga jiki. Shi ne ruwan da waɗansu 'yan ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda ke fitarwa sa'ad da mutum ya firgita, zuciyarsa ta riƙa bugawa da ƙarfi. Wani Bajafane mai suna Jokichi Takamine ya tace shi a 1901, tun daga zamanin nan kuwa ya ke hannun likitoci. Aikinsa kishiyar aikin ciwon ne daidai wa daida. Ya kan ɗaure hanyoyin jinin da suka saki, ya buɗe hanyoyin iskar da suka tsuke, ya rage kumburin maƙogwaro, ya ƙarfafa zuciya. A tsokar cinya a ke yinsa, ta gefen waje, tsakanin gwiwa da ƙugu, domin nan ne jiki ya fi saurin ɗaukarsa. In minti 5 sun wuce ba a ga sauƙi ba, sai a ƙara na biyu.

Wani zai ce, ai akwai Piriton a kowane kemis, ba shi ne maganin borin jini ba? Shi ne, amma na ƙarami. Piriton na kwantar da ƙaiƙayi da ƙuraje. Ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ta da jinin da ya faɗi, kuma kafin ƙwayar ta narke ta shiga jiki lokaci ya tafi. Haka nan allurar haidirokotison, ta kan ɗauki awoyi kafin ta kama aiki. Wanda ya tsaya jiran waɗannan yana ɓata mintocin da ba za su komo ba.

Akwai wani abu kuma da kowa zai iya yi ko ba allura. A kwantar da yaron rigingine, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna a ƙasa, ƙafafu a miƙe. In ya suma yana numfashi, a juya shi ta gefe. Amma kada a tsai da shi, kada a ce ya taka zuwa ofis, ko da ya ce ya ji dama. Likitan nan Pumphrey ya lura akwai waɗanda suka mutu nan take da aka ta da su tsaye ko zaune, domin ɗan jinin da ya rage ya gangara ƙafa, zuciya ta buga babu komi cikinta. Bayan allura kuma tilas a kai shi asibiti a ɗauke, a sa masa ido na waɗansu awoyi, gama ciwon ya kan lafa sa'an nan ya sake tasowa.

A ƙasashen Turai da Amurka an ƙera wa adiranalin wani gida mai kama da babban alƙalami, da allura a ɓoye ciki, da magani an riga an auna. Wanda ya fi suna shi ne EpiPen. A cire murfi, a danna shi a cinya, ko ta bisa wando, shi ke nan. Akwai na ƙananan yara, akwai na manya. Domin wanda ba malamin asibiti ba aka yi shi. A watan Agusta 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani iri wanda a ke fesawa a hanci, sunansa neffy.

Yadda dokokin suka samu

To, in alƙalamin nan yana kasuwa, me ya kawo maganar doka? Ai sai kowane uba ya saya wa ɗansa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kuma yara suka yi ta mutuwa a makaranta. Bari in ba ku labari biyu, dukansu an san su a ƙasashensu domin da sunan yaran a ke kiran dokokin.

A lardin Ontariyo na Kanada, a watan Satumba 2003, wata yarinya mai shekara 13 ta sayi soyayyen dankali a ɗakin cin abinci na makaranta. Ta san jikinta ba ya son madara, har ta tambaya kafin ta saya. Abin da aka fi zato shi ne an ɗebi dankalin da abin da ya taɓa cuku. Da numfashinta ya fara sarƙewa ta ɗauka fukarta ce ta tashi. Alƙalaminta kuwa yana can cikin akwatin ajiyar kayanta, ba a jikinta ba. Ta rasu kashegari. Iyayenta ba su yi shiru ba, suka yi ta bin 'yan majalisa har aka zartar da Dokar Sabrina a 2005, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2006. Dokar ta wajabta wa hukumomin makarantu su shirya tsari domin irin wannan rana, su riƙa horar da ma'aikata, su buɗe takarda ga kowane yaro da aka san yana da ciwon. Ta kuma ba ma'aikaci ikon yin allura in ya ga alama, ta tsare shi daga ƙara in ya yi da kyakkyawar niyya.

Na biyu a jihar Bajiniya ne ta Amurka, a watan Janairu 2012. Yarinya mai shekara 7 ta ci gyaɗar da wani ɗan makaranta ya ba ta a filin wasa. Aka kai ta ɗakin jinya na makaranta, babu allura da sunanta. A zamanin nan kuwa ƙa'ida ba ta yarda a ɗauki allurar da likita ya rubuta wa wani yaro a yi wa wani ba. Kafin motar asibiti ta iso zuciyarta ta tsaya. Cikin 'yan watanni majalisar jihar ta yi doka, wadda a ke kira Dokar Amarria, Gwamna Bob McDonnell ya sa hannu a watan Afrilu. Ita ta tilasta wa makarantun gwamnati su ajiye adiranalin wanda ba na kowa ba ne, na duk yaron da ya faɗi ne.

Wannan shi ne jigon maganar, ku riƙe shi da kyau: allurar da ba sunan kowa a jikinta. Dalilinta kuwa shi ne, yara da yawa ba a san suna da ciwon ba sai ran da ya fara kama su, ran nan kuma ta kan zo suna makaranta. A jihar Masacuset an ƙidaya lokutan da aka yi allurar a makarantu daga 2001 zuwa 2003, aka sami 115. Kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen ba wanda ya san suna da ciwon. A birnin Cikago, shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013 ita ce ta fari da aka rarraba wa makarantu allurar ajiya. An yi amfani da ita sau 38, fiye da rabi kuwa ga waɗanda karonsu na fari ke nan. Uban da bai san ɗansa na da ciwo ba, yaya zai sayi maganinsa?

Ran 13 ga Nuwamba 2013 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar tarayya game da wannan, har ya faɗa a wurin cewa 'yarsa Malia jikinta ba ya son gyaɗa. Amma ku lura, dokar nan ba ta tilasta wa kowa ba. Cewa ta yi, jihar da ta wajabta wa makarantunta ajiya, ta tanadi horarrun mutane, ita za a fifita wajen rabon waɗansu kuɗin lafiya. Kwaɗaitarwa ke nan. Abin da ya biyo baya shi ne kusan dukan jihohi sun halatta ajiyar, amma waɗanda suka wajabta ta ba su da yawa. Kalifoniya na cikinsu tun daga 1 ga Janairu 2015. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, umarnin minista mai lamba 706 na 2014 ya ce makarantar da ke da yaro mai ciwon, tilas shugabanta ya sayi allurar ajiya bayan wadda iyaye suka kawo. A Ingila kuwa, daga 1 ga Oktoba 2017 aka yarda makarantu su sayi alƙalamin ba tare da takardar likita ba. Izini aka bayar, ba umarni ba. A watan Disamba 2021 wani yaro mai shekara 5 wanda jikinsa ba ya son madara ya rasu bayan ciwon ya kama shi a makaranta, iyayensa da waɗansu iyaye suka tashi neman a mai da izinin nan wajibi.

Ni a ganina iyayen nan sun yi gaskiya. Tsakanin "kana iya" da "sai ka yi" akwai tafiya mai nisa. Hedimasta mutum ne mai buƙatu ɗari da kuɗi kaɗan. Rufi na yoyo, alli ya ƙare, benci ya karye. In aka ce masa ga wani magani, in ka ga dama ka saya, mai yiwuwa shekara ta wuce ba a taɓa shi ba, me ku ke tsammani zai yi? Ba mugunta ba ce, halin mutum ne. Makarantar masu kuɗi za ta saya, ta talakawa ta bari, alhali ita ce ta fi nisa da asibiti.

Sai dai kuma akwai abin da ya kamata a koya daga Amurka ta wajen tsada. Kamfanin Mylan, wanda EpiPen ke hannunsa a lokacin, ya yi ta ƙara kuɗi. Guda biyu da a ke saye wajen dala 100 a 2007, sun haura dala 600 a 2016, har majalisar ƙasa ta kira shugabar kamfanin ta yi bayani. Maganin da ke ciki kuwa araha ne ƙwarai, gidan ne ke da tsada. Dokar da ta tilasta saye, ba ta dubi wanda ke sayarwa ba, ta miƙa wuyan makarantu ga ɗan kasuwa.

Mu fa?

Na san abin da ke ranku. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda su ke kashe 'ya'yanmu, ina mu ina ciwon Turawa? Rabin maganar nan gaskiya ce. Babban borin jini bai kama ƙafar zazzaɓi ba wajen kisa, kuma duk wanda ya ce a ɗebi kuɗin maganin zazzaɓi a sayi alƙalamin allura bai san ƙasar nan ba. Har ma gyaɗa, wadda ta fi firgita Amurka, ba ta cika damun yaran Afirka ta Yamma haka ba. A wani bincike da aka buga a 2013 an gwada yaran makaranta wajen 1,600 a Gana. Kusan 18 cikin 100 jininsu ya nuna alamar ƙin gyaɗa, amma waɗanda suka ce ta taɓa yi musu wani abu ba su kai 2 cikin 100 ba, masu binciken kuma suka danganta yawan alamar da tsutsar tsargiya. A Landan kuma, a 2015, gwajin da aka yi da jarirai 640 ya nuna cewa fara ba yaro abinci mai gyaɗa tun yana jariri na rage kamuwa da wajen kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗar da iyayenmu mata ke damawa ba abin rainawa ba ne.

Amma sauran rabin fa? Zuma ba ta Turawa ba ce. Makarantu nawa ke da kuka ko tsamiya a fili, da amya a rataye ko saƙar zuma a kogo? Ajujuwa nawa ke da gidan rina a jikin rufi? Ƙwai da madara da kifi da riɗi duk abincinmu ne. A makarantar kwana yara ɗari-ɗari ke ci daga tukunya guda, nesa da uwar da ta san abin da ɗanta ba ya ci. Ga kuma halinmu na sayen kafso a ba yaro ya haɗiye da safe ya tafi makaranta. Mu ma'aikatan lafiya an koya mana kada mu zauna yin allurar rigakafi sai da adiranalin a kusa, ko da ya ke irin wannan abu bayan rigakafi bai fi kamar ɗaya cikin miliyan ba. In an ga ya cancanta a ɗauke shi saboda ɗaya cikin miliyan, me zai hana a ajiye shi inda yara ke wuni kullum?

Tun 2006 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Duka biyu suna da kyau. Amma dokar da ta ce asibiti ya karɓi yaro ba ta da amfani ga yaron da bai isa asibiti da rai ba.

Irin dokar da za ta yi mana aiki ba za ta zama kwafin ta Bajiniya ba. Alƙalamin nan da wuya ka same shi a kemis ɗinmu, in ka samu ma kuɗinsa ya fi ƙarfin makarantar ƙauye. Abin da mu ke da shi shi ne adiranalin na 'yar kwalba, mai mililita 1, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba shi da tsada. Wahalarsa ita ce awo. Babba rabin kwalba a ke yi masa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 mililita 0.3. Wanda bai kai 6 ba rabin wannan. Wanda hannunsa na rawa, yara na kuka a kansa, in bai saba ba zai iya zuƙe kwalbar duka, ko ya nemi jijiya, dukansu kuwa hatsari ne. Saboda haka kada wani ya karanta takardar nan ya je ya sayi kwalba ya ajiye a gida. Ba abin da na ke nufi ke nan ba.

Abin da na ke nufi shi ne majalisar dokokin jiha ta fara da inda ya fi sauƙi, kuma ya fi hatsari. Duk makarantar kwana, da duk makarantar da ke da ɗakin jinya da ma'aikacin lafiya, a wajabta mata ajiye adiranalin da sirinji ƙanana, da takardar awo a manne a bango da manyan baƙaƙe. Wannan ba ya buƙatar komi daga waje. Sauran makarantu kuwa a ɗaura kowace da ɗakin shan magani mafi kusa, a rubuce, da lambar wayar ma'aikaci da ta mai abin hawa. A koya wa malamai duka gane alamu da kwantar da yaro. Inda tafiya ta yi nisa, Gwamnati ta sayo alƙalami ko na fesawa a hanci da yawa a lokaci guda, ta yi ciniki tun kafin ta sa hannu, ta horar da malamai biyu ko uku a kowace makaranta. Mutum ɗaya bai isa ba, gama ran da abin zai faru wataƙila ya tafi karɓar albashi.

Dole kuma dokar ta faɗi wanda zai biya. Dokar da ta ce "a ajiye" ba ta ce daga wane asusu ba, iyaye za a aza wa, ko ta mutu a takarda. Haka nan dole ta tsare malami. Ku sa kanku a matsayinsa. Ɗan wani ne ke mutuwa a gabansa, in ya soka masa allura yaron bai tashi ba, gobe a ce shi ya kashe shi. In doka ba ta tsaya masa ba zai naɗe hannu, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Likitoci kuwa sun daidaita a kan cewa in an yi awo daidai a cinya, ko da daga baya aka ga ba babban borin jini ba ne, abin da ya kan biyo baya shi ne bugun zuciya da rawar jiki da fari, su wuce ba da jimawa ba. Jinkiri ne ke kisa.

Zancen ajiya kuma, a ƙasarmu ba ƙaramin zance ba ne. Adiranalin ba ya son haske, ba ya son zafi. Masu alƙalami sun ce a ajiye shi a wajen awo 20 zuwa 25 na ma'aunin zafi, kada kuma a sa shi a firji. Ku da kuka san bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura 40, kun san ofis mai rufin kwano abin da ya ke zama da azahar. Sai a nemi ɗakin da ya fi sanyi, a bar maganin cikin kwalinsa. Ruwansa fari ne tas kamar ruwan sha. In ya juya ja-ja ko ƙasa-ƙasa, ko aka ga gari a ciki, ya lalace. Alƙalami kan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin kwanansa ya ƙare, don haka dokar ta sa wa wani mutum takamaimai duba shi farkon kowane zango, ya sa hannu a littafi. Kuma kada a kulle shi. Na sha ganin akwatin taimakon farko da kwaɗo a jiki, mabuɗi kuwa yana aljihun wanda ya tafi kasuwa. A ɗora shi inda hannun yara ba ya kai, amma kowane babba ya san wurin.

Abu na ƙarshe da zan so a sa ciki shi ne rubutawa. Duk lokacin da aka yi allurar, ko yaro ya faɗi ta wannan hanya, a aika da labari ga hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma. Da irin wannan ƙidaya ce mutanen Masacuset da Cikago suka rufe bakin masu cewa abin ba ya faruwa.

Abin da ke hannunka

Dokokin nan da na lissafa muku, yawancinsu ba daga ofis suka taso ba. Iyaye ne suka ɗauki takalmansu suka yi ta zirga-zirga. Ba sai mun jira mun binne yaro tukuna ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kana da ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku. Kana da kwamitin kula da makaranta, da taron iyaye da malamai, da mai unguwa da dagaci da hakimi waɗanda maganarsu ke isa sama. Takarda guda mai hannun iyaye hamsin, wadda ta faɗi sunan makaranta da nisanta da asibiti, ta fi surutun shekara a gindin bishiya.

Kafin wannan kuwa, in ɗanka ya taɓa kumbura a fuska, ko numfashinsa ya sarƙe bayan wani abinci, ko magani, ko harbi, ka faɗa wa malamin asibiti yau kafin ka bar nan, ya rubuta a katinsa. Ka sa a rubuta maka a wata takarda dabam ka kai wa hedimasta da malamin ajinsu da mai dafa abinci. Yaron da ke da fuka a ƙara sa masa ido, gama in ciwon biyu suka haɗu sun fi muni. Shi yaron ma a koya masa sunan abin da ba ya ci, da kada ya karɓi abinci a hannun abokai, da kuma in ya ji wuyansa na tsukewa ya faɗa wa babba nan da nan, kada ya tafi bayan aji shi kaɗai domin kunya.

Ran taron iyaye mai zuwa, in an gama maganar kuɗin jarrabawa, ka ɗaga hannu ka tambayi hedimasta: in zuma ta harbi yaro yanzu ya shaƙe, wa za a kira, da me za a ɗauke shi, kuma minti nawa ne zuwa wurin allura? Ka roƙi magatakarda ya rubuta amsar cikin littafin taro, da kwanan wata.